Allurar Hajiya Turai a Firjin Bazazzagi

Allah Ya karɓi abinSa. Hajiya Turai ta Abu Hail ta rasu cikin watan Rajab ɗin da ya wuce, kuma har yau in na bi ta lungunan kasuwar Naif a nan Dubai sai in ga kamar zan hango ta a gaba, jaka a hammata, mata na biye da ita suna haki. Ni ƙawarta ce, na rubuta wannan ne saboda waɗanda suka san ta, musamman waɗanda suka sha kwana a gidanta ba su san abin da ta yi fama da shi ba.

Sana'ar Turai tafiya ce. Matan Kano 'yan kasuwa in sun sauka Dubai sarin kaya, ita ke tarbo su, ta sauke su a gidanta, da safe ta sa su gaba sai Naif. Ta san inda jakar amare ta fi sauƙi. Ta san wani ɗaki a saman bene, ko allo babu a ƙofarsa, amma takalman yara na can sun fi na ko'ina ƙwari. Ba ta yi boko mai nisa ba, sai dai in ta tsaya ciniki takan haɗa Larabci da Turanci da ɗan Indiyanci, ta ɗora Hausa a kai, mai shago ya yi ta dariya yana rage kuɗi. In an gama saye ta raka kayan ofishin kago a auna, a ɗaure, a rubuta suna. Wannan kamfanin kagon shi ya yi mata biza saboda kwastomomin da take kawo masa. Don haka zamanta a ƙasar ma a kan ƙafafunta yake tsaye. Ranar da ta kasa yawo baƙi za su nemi wata, kamfani ya nemi wata, ita kuma ta tattara ta koma gida.

'Yar Ƙofar Wambai ce. Mahaifinta fatoman 'yan goro ne, wato mai saukar fatake a gidansa, ya ciyar da su, ya nemo musu masu saye. A gidan da ta tashi baƙo ba ya tambayar abu sau biyu. In ya yaba tabarma, da ita zai tafi. Turai ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, Aishat. Da mijinta ya rasu ta kama sayar da takalma, daga nan ta fara zuwa Dubai sari, mata suka riƙa ba ta sallahu, har sallahun ya fi kayanta yawa. Da ta aurar da Aishat sai ta ce tunda hanyar ta zama tata, bari ta zauna a bakinta.

Gidanta na Abu Hail ɗaki biyu ne da falo, amma ban taɓa jin ta ce wa wata ya cika ba. Katifu a jingine da bango, tukunyar miyar kuka ba ta sauka daga wuta, firji kuwa na kowa ne. Baƙuwa takan buɗe ta ɗauki abin da take so ba ta waiwayi mai gida ba. In ma ta nemi izini Turai kan ji haushi.

"Ke da gidanku," in ji ta. "Otal kika sauka da za ki riƙa tambaya?"

Ciwon suga ya daɗe a jikinta kafin ya nuna kansa. Tana shan ƙwayoyi in ta tuna. Wani lokacin zafi, wanda ko ƙarfen ƙofa mutum ba ya iya taɓawa, sabon takalmi ya yi mata kanta a tafin ƙafar hagu. Kantar ta fashe. Ba ta ji zafi ba, shi ya sa ba ta kula ba, ta ci gaba da yawonta. Sai da ta ga safa tana manne wa wurin ta je asibitin unguwa.

Likitan ya duba ƙafar, ya duba jini, bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ƙwayoyi sun daina riƙe ta, sai allura kullum. In sugan bai sauka ba gyambon ba zai rufe ba, in kuma ya kai ga ƙashi to ƙafar ce za a cire. Ya rubuta mata wata allura mai siffar biro, wadda mutum ke yi wa kansa. Da ta kai takardar wurin ba da magani aka ce inshorarta ƙarama ce, rabon maganinta na shekarar ya riga ya ƙare. Aka faɗa mata kuɗin na wata guda. Turai ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta ce ta gode.

A wurin ba da maganin akwai wata yarinya 'yar Kano, Ummulkhair, da ta karanta harhaɗa magunguna take aiki a can. Ta biyo ta har bakin ƙofa.

"Mama, ki ɗan tsaya. Ina za ki da takardar?"

"Gida, 'yar nan. In na sayi wannan, baƙina iska za su ci?"

"Akwai wata hanya. Kamfanin da ke yin allurar yana da tsari na taimaka wa waɗanda ba su da hali. In likita ya rubuta cewa kina bukata, aka duba abin da kike samu aka ga bai kai ba, suna iya ba ki kyauta."

Turai ta kalle ta sama da ƙasa. Shekarunta nawa a kasuwa, ba ta taɓa ganin ɗan kasuwar da ya yi kaya don ya bayar ba.

"Me za su ci da ni?"

"Ba abin da za su ci. Sharaɗinsu dai ki yi allurar yadda aka ce, ki riƙa zuwa gwaji. Kuma ba kowa ake ba ba, Mama, kada ki sa rai da yawa."

"Ni za su ba," in ji Turai. "Faɗa mini abin da zan kawo."

Haka take. In ta sa abu a gaba ba ta tafiya da shakka. Ta karɓo shaidar albashi daga kamfanin kago, ta kawo katin zama da rahoton likita, Ummulkhair ta cike mata sauran ta tura. Bayan 'yan makonni wata mata ta kira ta a waya daga wurin masu tsarin, tana tambayoyi da Turanci. Turai tana tsakiyar shagon abaya a lokacin. Ta ɗaga wa mai shagon hannu ya yi shiru, ta amsa abin da ta gane, wanda ba ta gane ba ta ce, "Yes, habibti, inshallah." Ba a daɗe ba saƙo ya zo cewa an amince. Duk wata za ta je wani kantin magani da suka zaɓa ta karɓi rabonta a 'yar jaka mai sanyi.

Ranar da ta fara karɓowa ta jera birorin a ƙofar firji, kusa da kwalbar man shanu, ta tsaya tana kallonsu kamar sabon kayan ɗaki. Ummulkhair ta koya mata yadda ake murɗa lamba, a tsira a ciki, a ɗan jira. Jikinta ya karɓa. Ƙishin nan mai hana sakewa ya tafi, gefen gyambon ya fara yin ja mai kyau yana matsowa ciki. Mai wanke mata ƙafa a asibiti har tafa mata ta yi.

Ana cikin haka Hajiya Mariya ta sauka. Tsohuwar baƙuwarta ce, mai shagon jakunkuna a Kantin Kwari, mace mai fara'a da yawan kyauta, ba ta zuwa ba da dambun nama da daddawa ba. Ta buɗe firji neman ruwa ta ga birorin.

"Hajjaju, wannan ba allurar suga ba ce? Irinta aka rubuta wa Alhaji, muka zaga Kano ba mu samu mai kyau ba. Nawa kike saye a nan?"

Da Turai ta faɗi wani kuɗi, da maganar ta tsaya a nan. Amma murna na cinta, kuma ƙarya ba ɗabi'arta ba ce.

"Saye? Kyauta kamfanin ke ba ni. Duk wata."

"Kyauta? Ikon Allah. To ai sai ki ɗan sam mana, uwar ɗakina. Alhaji ya sa miki albarka."

Turai ba ta ko yi tunani ba. Ta zaro biyu ta naɗe da ƙanƙara a leda. Abin da ka saya da guminka kana iya cewa ya yi tsada. Wanda aka ba ka kyauta fa, da wane baki za ka hana? A wurinta wannan ita ce rowa mafi muni, irin wadda ake faɗa da sunan mutum har bayan ransa.

Labari ya isa Kano kafin kayan Hajiya Mariya su isa. Duk wadda za ta taho sai an ba ta sallahu: in kin je gidan Turai ki karɓo wa Baba allura, ai kyauta ake ba ta. Wata yayanta, wata surukarta, wata maƙwabcinta liman. Kowacce ta zo da gaisuwa da tsaraba, ta kawo maganar a ƙarshen hira kamar ba komai ba. Turai na bayarwa. Abin da ya rage take ja da shi. Ta rage lambar da take murɗawa, daga baya ta koma yi yau, gobe ta tsallake. In wata ya kusa ƙarewa sai ta yi kwanaki ba ta yi ba sam. Ba ta faɗa wa kowa ba, kuma a ranta ba ta ɗauka laifi take yi ba. Gani take Allah Ya buɗa mata ƙofa, ita ma ta buɗa wa wasu.

Ƙafar ce ta tona asirin. Gyambon da ya kusa rufewa ya sake buɗewa, ya yi zurfi, ya fara wari. Ta koma taka gefen ƙafa. A Naif, matan da a da suke roƙonta ta rage sauri, yanzu su ke tsayawa jiranta.

Da aka yi gwajin jini likita ya girgiza kai. Ya ce in dai tana yin allurar yadda ya rubuta kuma sakamako ya fito haka, to maganin bai karɓe ta ba, zai sanar da masu tsarin. Ƙafar kuma zai tura ta wurin masu tiyata su duba. Ummulkhair ta ja ta wani ɗan ɗaki ta rufe ƙofa.

"Mama, na san ki na san maganin nan. Ina yake tafiya?"

Turai ta faɗa mata, har da ɗan murmushi, don ta zaci yabo za ta samu. Yarinyar ta zauna a kujera ta fuskance ta.

"Da sunanki aka bayar, Mama, daidai jikinki aka auna. Wanda kika aika wa, wa ya auna shi? Wani in ya yi lambar da ba tasa ba, suma zai yi, wani ba zai tashi ba. Ke kuma in likita ya rubuta bai yi miki aiki ba, za a tsayar. Ƙafar nan ba za ta jira ki ba."

Maganar suma ta shigi Turai fiye da maganar ƙafa.

"Na ji. Amma 'yar nan, ki faɗa mini yadda zan yi. Mace ta kwana a ɗakina, ta ci tuwona, ta buɗe firji ta ga abu da idonta, in ce mata babu? Bakina ba zai iya ba. Na san kaina."

"To ki kawo in ajiye miki."

"Ke? Hajiya Mariya ta haifi kamarki. In ta zo ta tsaya miki a kai ta ce 'yata, kunya za ta kashe ki, ki miƙa mata. Duk wanda na sani a garin nan haka ne, ɗan gida ne, ba zai iya kallon idonsu ba."

Sai ta tsaya. Ta ɗago kai, dariya ta kama ta har tana riƙe ciki.

"Akwai Bazazzagi," in ji ta.

Malam Ado shi ne mai auna kaya a ofishin kagon da ke Naif. Mutumin Zariya ne, siriri, mai furfura a gemu, ya fi Turai daɗewa a Dubai. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi. Tun kakanni suke tsokanar juna, kowane ɓangare na cewa ɗayan bayinsa ne, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, shi za a yi wa dariya. Malam Ado kuwa ya riƙe wannan wasa kamar aikin da ake biyansa. Matan Kano in sun shigo ofishin sai sun shirya bakinsu tun daga waje.

Da hantsi Turai ta shiga tana ɗingishi, 'yar jakar sanyi a hannu. Yana tsaye a gaban sikeli.

"A'a, baiwata ce da sassafe? An zo gaida ubangida?"

"Bawa dai ba ya rasa surutu. Matsa in zauna."

Ta zauna a kan wani ɗaurin kaya, ta kwance bandejin ta nuna masa. Malam Ado ya kalla, wasan ya bar fuskarsa. Ta ba shi labari tun daga farko, ba ta rage komai ba.

"Amana na kawo maka. Ka sa a firjin ruwanku. In na kawo maka biron da ya ƙare, ka ba ni sabo guda ɗaya. Ban da haka ko wa ya zo, ka hana."

"Ko wa?"

"Ko wa."

"Har ke?"

"Ni me zai sa in zo?"

"Na san Kanawa. Ku faɗi magana da safe, da la'asar ku ce ba haka kuke nufi ba. Har ke?"

"Har ni, ɗan rainin wayo."

Ya karɓi jakar, ya kwashe robobin ruwa daga ɗakin ƙasa na firjin, ya jera birorin a wata robar abinci mai murfi, ya ɗaure ta da igiyar ɗaurin kaya.

"Wato yau Kano ta rasa amintacce ko ɗaya, sai da aka zo Zazzau. Zan sa a rubuta a ƙofa."

"Rowarku aka zo haya, ba amana ba. Abin da kuka iya ke nan."

"Khalas, shi ke nan. An ba ku hayar."

Ta koma wurin likita ta faɗa masa gaskiya da bakinta. Ya yi faɗa, ya kira masu tsarin aka yi magana, aka ce za a ba ta dama zuwa gwaji na gaba, in ta sake rabarwa kuwa shi ke nan.

Hajiya Mariya ta dawo kafin azumi. Bayan an ci an sha ta buɗe firji, ta duba ƙofar, ta duba ciki.

"Hajjaju, ina 'yan birorin namu?"

"Wallahi babu ko ɗaya a firjin nan. Na cikin jakata na riga na fara tsira wa jikina. Sauran suna hannun Malam Ado na kago, shi ke riƙewa yanzu. In ya ba ki, ki ɗauka."

Ta faɗa da zuciya ɗaya, don ba ƙarya a ciki. Washegari da aka kai kaya awo Hajiya Mariya ta gyara mayafi ta matsa kusa da sikeli.

"Malam Ado, an ce ajiyar Hajiya na wurinka. Guda biyu za ka ba ni in kai wa Alhaji."

"Wane Alhajin? Mai shaguna a Kwari? Shi ne zai aiko matarsa ƙetaren teku roƙon allurar marainiya? Kai, Kanawa. Ku a ba ku kyautar ciwo ma karɓa za ku yi, in dai an ce ba a biya."

Matan da ke wurin suka fashe da dariya. Hajiya Mariya ta riƙe haɓa.

"Ji bawa da baki. Kai da aka kawo ka birni a bayan motar rake?"

"A motar rake na zo, amma da maganina a aljihu. Je ki ce wa Alhaji ubangidansa na Zazzau ya ce ya je asibiti a auna shi, ya sa hannu a babbar riga ya saya. Ga ruwan sanyi, shi ne sadakar da ke firjin nan. Yalla, maza ɗora kayanki a sikeli, kina tare wa mutane hanya."

Ta rama iya ramawa, ta sha ruwan, ta fita tana dariya tana cewa Allah Ya isa tsakaninta da Zage-zagi. Ba ta yi fushi da Turai ba, ba ta kuma isa ta yi da Malam Ado ba. Haka aka yi da ta biyu da ta uku. Kafin sallah labari ya sake komawa Kano cewa allurar Turai ta faɗa hannun wani Bazazzagi mai baƙar rowa. Sallahun ya yi sauƙi.

Wadda ta fi ba shi wahala ita ce Turai da kanta. Wata ƙaramar 'yar kasuwa, zuwanta na farko, ta zauna a falo tana hawaye, ta ce mahaifiyarta na kwance a gida suga ya kayar da ita. Ba ta ma roƙa ba, labari kawai ta bayar. Turai ta kasa cin abinci. Da safe ta riga kowa zuwa ofishin.

"Malam Ado, guda ɗaya za ka ba ni."

Ya lura ba ta ce bawa ba.

"Ina wanda ya ƙare?"

"Bai ƙare ba. Wannan daban ne, tsohuwa ce a kwance."

"Babu."

"Kayana ne fa."

"Naki ne. Na ƙafarki. Ita ta ba ni amana, kuma ban ji ta ce in bayar ba."

"Ba wasa nake yi ba, Ado."

"Ni ma yau ba wasa nake ba, Hajiya. Ke kika ce har ke. In kin ga dama ki kwashe duka ki tafi, firji ba a kulle yake ba. Amma da hannuna ba zan miƙa miki ba, kuma in kin ɗauka kada ki dawo mini da su."

Ta tsaya tana kallon firjin. Taku kaɗan ne tsakaninta da shi. Ƙafar na yi mata zugi a cikin takalmin asibiti. Ta juya ta fita ba sallama.

Ta yi kwanaki ba ta yi masa magana. In ta kawo kaya sai ta tsaya a waje ta tura baƙin ciki. A kwanakin ne ta kira Aishat a Kano ta ce ta nemi gidan tsohuwar nan, ta ɗauke ta ta kai ta asibiti, a yi mata abin da ya dace da jikinta. Aishat ta yi. Da biron Turai ya ƙare, ta shiga ofishin ta ajiye shi a kan sikeli ba ta ce komai ba. Malam Ado ya duba allon sikelin da kyau.

"Bai kai kilo ba, baiwata. Ba ma ɗaukar ƙaramin kaya."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

"Allah Ya shirye ka, bawan banza. Ba ni abina."

Gwaji na gaba ya yi kyau. Masu tiyata suka kankare gyambon suka ce a jira a gani. Aka jira. Sannu a hankali nama ya ciko, fata ta rufe, ya bar tabo fari a tafin ƙafar. Masu tsarin suka sabunta mata, shekara ta zagayo suka sake sabuntawa. Ranar da likita ya ce ta daina zuwa wanki, daga asibitin kai tsaye ta wuce Naif, ta zaga lungunan nan kaf ba ta sayi komai ba. Tafiya kawai take yi tana gaisawa da masu shago.

Ta ƙara shekaru masu kyau a kan ƙafafunta. Ta kai Aishat Umara, ta yi ɗawafi da sa'ayi ba keke. Duk ɗan Najeriyar da ta ji yana da suga a Dubai, direba ne ko mai gadi ko ɗalibi, sai ta kama hannunsa ta kai shi wurin Ummulkhair a nema masa irin nata. Wasu sun samu, wasu ba su samu ba. Wanda ya samu takan ja shi gefe ta ce, "In kana da kunya, nemi marar kunya ya riƙe maka." Firjin gidanta ya ci gaba da zama na kowa. Allurar kuwa ba ta sake kwana a cikinsa ba.

Ba sugan ne ya ɗauke ta kai tsaye ba, zuciya ce. Ta dawo daga kasuwa da baƙi da rana, ta yi alwala, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa kafin la'asar. Da aka je tashinta ta riga ta tafi. Aishat ta ce a binne ta a nan, inda ta yi rayuwarta.

An bar mu mun shiga wurin wanka, ni da Ummulkhair da wata baƙuwa. Ni na wanke mata ƙafafu. Na riƙe ta hagun nan a hannuna na daɗe, dunduniyar ta yi kaushi saboda yawo, yatsun nan biyar cif, da ɗan jan lallen da ta sa bai gama fita ba. A nan ne kukan da na riƙe tun rana ya ƙwace mini. Turai, ƙawata, uwar baƙi.

Da muka fito, maza na tsaye a inuwa suna jiran a yi sallah. Malam Ado ya rabu da su ya matso, idonsa ja. Bai iya kallona ba, ƙasa yake kallo.

"Hajiya, ku kuka yi mata wanka?"

"Mu ne."

"Ƙafar fa?"

"Lafiyarta ƙalau, Malam Ado. Da ƙafafunta biyu ta tafi."

Ya gyaɗa kai, ya sa hannun riga ya share fuska, ya koma cikin sahu.

Allah Ya jiƙan Turai, Ya yalwata mata makwanci, Ya karɓe ta yadda ta riƙa karɓar baƙinta.